Bakin da Ta Zo da Shi

Tun cikina bai fito ba nake yawo da fil a jikin zanena. Maƙwabciyata ce ta soka min shi da hannunta, wadda duk gidan hayarmu ke kira Maman 'Yan Biyu. Ta ce mai ciki da ke zama a bakin titi da rana tsaka ba ta rabuwa da ƙarfe, don ba duk mai wucewa a hanyar Abuja ne mutum ba. Ni kuwa a bakin titin nake wuni, nan Gonin Gora. Da damina in gasa masara, in ta ƙare in koma doya. Fasto ya sha faɗa mana a coci cewa irin wannan camfi ne, kuma na ce amin tare da kowa. Amma ban cire fil ɗin ba. Na dai mayar da shi ciki, wajen ɗaurin zane, inda ido ba ya kaiwa.

In aka tambaye ni me nake tsoro, ba ni da amsa. Haka kawai zuciyata ta ƙi zama. In gurgu ya zo bara wajen motocin da ke tsayawa, sai in kau da kai don kar abin da ke cikina ya gani. Sai kuma in ce kau da kan nan raini ne, Allah na kallo, in juyo in kalle shi, in miƙa masa masara. Ko wanne na yi, tsoron na nan. Maigidana, wanda ke aikin walda a Trikania, yakan yi min dariya. "Ke ko kwanciyar hankali aka ba ki kyauta, sai kin juya ta kin duba ko ta ruɓe ta ƙasa, kamar doya."

A wani ƙaramin asibiti kusa da mu na haihu. Na ji kukan, na jira nas ta yi min barka yadda na ji ta yi wa matar da ke gadon gefena. Ba ta yi ba. Ta juya min baya, ta daɗe tana goge jaririyar, sannan ta naɗe ta har hanci.

"Mace ce," ta ce. "Lafiyarta ƙalau. Sai dai akwai ɗan abu, kuma ana gyara shi, kar ki tada hankalinki."

Ta sauke zanen. Leɓen sama a tsage yake ta hagu, tun daga baki har cikin ƙofar hanci. Ta tsagar ana ganin dasashi. Abin da hannuna ya fara yi, kafin ma in karɓe ta, shi ne laluben zanena da ke rataye a ƙarfen gado. Fil ɗin na nan, a kulle.

Uwar mijina ta zo daga Unguwar Boro da la'asar. Mama mace ce mai ƙarfin hali, ita ke jan waƙa a zumuntar matan cocinsu, kuma ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ta karɓi jikarta, ta kalle ta da kyau, ta ce, "Ubangiji ya bayar, mun karɓa da hannu biyu." Ta yi addu'a mai tsawo. Da ta ce amin sai ta ja shawul a hankali ta rufe bakin.

"Ba kunya nake ji ba, 'yata," ta ce min. "Bakin mutane nake tsoro."

Bakin mutanen kuwa bai makara ba. Cikin masu zuwa barka, wata ta tambaye ni ko na faskara itace da ciki. Wata ta ce ko na fita waje ranar da wata ya yi husufi. Wata tsohuwa a layinmu ta ce ai ba sai an je da nisa ba, wuƙar da nake tsaga gasasshiyar doya ce, kullum tsaga, kullum tsaga. Nas ta ce min duk zancen banza ne, haka ake haifar wasu yara, ba ruwan wuƙa, ba ruwan wata. Na yarda da nas. Duk da haka na daɗe ban iya riƙe wuƙar nan ba.

Yarinyar ba ta iya kama nono sosai. In ta ja sai iska ta shiga, nonon ya dawo ta hanci, ta shaƙe, ta yi ta kuka. Sai na koma tatsa a kofi, ina ba ta da ƙaramin cokali, ina riƙe da ita a zaune. Shi ya sa babu wanda ya kalli bakin nan kamar ni. Na san shi kamar yunwar cikina. Na san gefen da ke fara rawa in za ta yi kuka, na san inda zan ɗora cokali don kar ya zube.

Ina cikin wanke mata wuya ta fara dariya. Sauran jarirai da baki suke dariya. Ita kuwa da baki da hanci da kumatu take yi, fuskar duka ta wage, kamar an tura ƙyauren taga biyu lokaci guda. Na zauna a kujera 'yar tsugunno da soso a hannu, ina dariya ina hawaye. Daga ranar na daina ganin tsaga. 'Yata kawai nake gani.

Wayata ƙarama ce, mai tocila, ba ta ɗaukar hoto. Ta maigidana kuwa tartsatsin walda ya ɓata mata ido tuntuni. Ƙanwarsa ce mai babbar waya, ita ke zuwa mana ran Lahadi bayan coci ta yi ta ɗauka. Yarinya ce mai son mu, mai surutu.

"Matarmu, ja mata shawul kaɗan. Yawwa. Juya ta ta kalli kafaɗarki. Sa mata hannunta a baki, kamar tana tsotso. Kai, ta yi kyau!"

In leɓen ya fito a hoto sai ta ce, "Wannan bai yi ba," ta danna da babban yatsa, ya tafi. Ba wanda ya sa ta. Haka duk gidan suka saba, ni ma da hannuna nake jan shawul ɗin. A lokacin hankalina na kan cokali da kofi, da ma'aunin asibiti, don likitoci sun ce sai ta ƙara nauyi za su yi mata aiki. Hoto bai dame ni ba. Fuskar na gabana safe da yamma, ban yi tunanin za ta tafi ba.

Ranar da aka miƙa ta ga Ubangiji, a cocin Mama aka yi, can Unguwar Boro. Mun yi ankon atamfa ni da dangin miji. Maman 'Yan Biyu ta saƙa mata hula rawaya mai 'yar tuntu. Wanda ke zuwa irin cocin nan ya san masu hoton da ba a gayyata. Suna shiga cikin taro su yi ta haska mutane, su hau babur su je su wanko, kafin a tashi sujada sun dawo sun baza a kan leda a bakin get, kowane hoto an danne shi da ɗan dutse saboda iska. Ka ga naka, in kana so ka saya, in ba ka so ka wuce.

Da aka kira mu gaba, matan zumunta suka ɗauki waƙa, masu kiɗan tulu suka buga. 'Yata dama mai son ƙara ce, ko jiniyar mota ta ji sai ta wuntsila ƙafa. Ina rawa da ita a ƙirji shawul ya zame. Ta ɗaga kai ta yi dariyar nan tata, ta duka fuska, daidai lokacin da wani dogon mai hoto ya durƙusa a gabanmu. Na ga haske. Mama na bayana, ba ta daina waƙa ba, ta miƙo hannu ta kan kafaɗata ta mayar da shawul.

Da muka fito, na gan shi a kan ledar tun daga nesa. Hula rawaya, haɓata da ɗan wuyan rigata a sama, ita kuma a tsakiya, baki a buɗe, ido a kan mai kallo. Dutsen da aka danne shi ya rufe kusurwa ɗaya. Mata biyu na tsaye a kansa suna kallo, da suka gan mu sai suka matsa. Mama ta sunkuya ta zaɓi wanda muke tare da Fasto, da wanda take riƙe da jikarta a naɗe, da na maigidana yana miƙa baiko, wato sadakar coci. Hannunta ya tsallake wancan.

"Mama, wancan fa?"

"Bar shi. Mu je, baƙi na jira a gida, shinkafa na hucewa."

Jakata na hannun ƙanwar miji, ta riga ta shiga keke napep. Hadari ya haɗo ta gabas. Na ce a raina in an sauke baƙi zan dawo. Da keke ya tashi na waiwaya, iska na ɗaga gefen ledar, mai hoton na bin hotunansa yana ƙara duwatsu. A gidan Mama aka zaunar da ni a tsakiyar falo, wannan ta karɓi jaririya, waccan ta karɓa, har ruwa ya sauko. Lahadin da ta biyo muna cocinmu na Gonin Gora. Bayan nan yarinyar ta kama tari, nauyin da ta tara ya zube, muka koma farko. Maganar hoto ta bi ruwa.

An yi mata aikin a wani babban asibiti a ƙetaren kogi. Da aka fito da ita, aka miƙo min yarinya mai ƙaramin baki, a kumbure, da baƙin zare. Maigidana ya durƙusa a farfajiyar asibiti yana kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Mama ta kama waƙar godiya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina ta duba fuskar ina neman 'yata. Ita ta gane ni nan take, ta kama rigata. Ni ce na daɗe ban gane ta ba.

Kar a ce ba ni da godiya. Ciwon ya warke, sai ɗan layi fari daga hanci zuwa leɓe. Tana shan kunu ba ya dawowa ta hanci. Ta yi ƙiba. Na yi rawa a coci, na kai kaza godiya. Amma ranar da ta sake yin dariya, wata 'yar dariya ce mai kyau, tsaf, irin ta kowane yaro. Na jira fuskar ta wage, ba ta wage ba. Na shiga bayan gida na yi kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa. Maman 'Yan Biyu kaɗai na faɗa wa. Ta riƙe haɓa ta kalle ni.

"Ke dai Allah ya shirye ki. An ba ki biredi kina kukan garin rogo."

Matan zumunta sun ba mu albam ranar miƙawa, babba, mai shafukan kwali, irin wanda ake manna hoto da gam a yi rubutu a ƙasa. Ya daɗe a ƙasan akwati. Sai da yarinyar ta fara tafiya, aka yi wani mako na ruwa ba ƙaƙƙautawa, gawayi ya jiƙe, ban fita kasuwa ba, sannan na tuna da shi. Na roƙi ƙanwar miji muka je wurin mai wanke hoto. Yana duba su a kwamfuta ya tsaya a kan na kwanan nan.

"Madam, in goge mata wannan layin? Ba wuya, yanzu za ki ga ya ɓace."

"Bar mata abinta," na ce.

Na shimfiɗa tabarma a ɗaki, na zube hotunan. Duk sun cakuɗe, ba kwanan wata a jikinsu, amma ni ban buƙata ba. Wanda bangon ɗakinmu ke da tabon ruwa, kafin mai gida ya yi fenti, na farko-farko ne. Wanda fuskata ke kumbure, ban gama wankan jego ba. In akwai 'yan kunne, bayan an huda mata ne. In hular rawaya ta sauko har gira tana ƙarama, in ta ɗare can saman kai ta girma. Wani hoton ma buhun masara na gani a bayan ƙofa na san damina ce. Na jera su, na shafa gam da tsinke don kar ya yi yawa ya kumbura kwalin. Na manna 'yar robar da aka ɗaura mata a hannu a asibiti. Na yanko ƙyallen atamfar ankonmu na manna. A shafin farko na soka fil ɗin nan, don shi ya riga kowa zama da ita. Karatuna a firamare ya tsaya, rubutuna na hawa yana sauka, amma na rubuta abin da zan iya a ƙarƙashin kowanne. Nan kina barci. Nan Kaka ce. Nan Baba ya dawo daga aiki bai yi wanka ba.

Ina cikin yi Maman 'Yan Biyu ta leƙo aron ashana. Ta zauna, ta goge hannu a zane, ta fara buɗawa. Ta buɗe, ta buɗe, sai ta fashe da dariya.

"Wai ni 'yar nan taku 'yar fashi ce? Ko'ina ta rufe fuska, kamar 'yan sanda na nemanta!"

Ni ma na fara dariya. Sai na karɓi albam ɗin na koma farko. Shawul. Shawul. Ƙeya. Dunƙulallen hannu a baki. Kofi. Kafaɗata. Shawul. Sai kwatsam, a tsakiyar albam, ga yarinya da baki, da layi a leɓe. Kamar an haife ta ba baki, daga baya aka yanka mata shi. Maman 'Yan Biyu ta ga fuskata, ta daina dariya. Ta ɗauki ashanarta ta fita.

Wata Asabar bayan nan Mama ta zo ta zauna da ni a wurin sana'a, tana riƙe da jikarta. Wata mata ta sauke gilashin mota tana sayen masara, ta ce, "Ayya, me ya sami bebi a baki?" Kafin in buɗe baki Mama ta amsa, cikin fara'a, kamar ta saba.

"Faɗuwa ta yi a kan kujera. Yaran yanzu, ƙiriniya."

Ashe abin da take faɗa wa mutane ke nan tun bayan aikin. Masarar da ke kan wayar gashi ta ƙone ina kallo.

Da yamma na tari maigidana yana cin tuwo. Na ce ina so in nemo hoton ranar miƙawa, wanda muka bari a bakin get.

"Me za ki yi da shi? Mun wuce wurin nan, Allah ya raba mu da shi."

"Za ta girma. Za ta kalli madubi ta tambaye ni."

"Sai ki ce ta faɗi."

"A hannun wa?"

Ya tsaya da lomar a hannu.

"A hannun wa ta faɗi, Baban bebi? Ni ban taɓa yar da ita ba. Kuma ranar da wani a layin nan ya faɗa mata gaskiya, don za su faɗa, za ta zo ta buɗe albam ɗin nan ta ga mun yi wata da watanni muna rufe mata baki. Me za ta ce? Za ta ce uwarta ma ba ta iya kallonta ba."

"Ba haka ba ne ai."

"Na sani. Amma da me zan nuna mata?"

Ya wanke hannu bai gama ci ba. Can ya ce in je asibiti, ai sun ɗauke ta hoto kafin aiki. Na je. Wata nas mai kirki ta nemo ta nuna min. An kwantar da ita a kan farin zane, hannu mai safar roba ya riƙe mata kai, tana tsala ihu, jijiyar goshinta ta tashi. Bakin ne, amma ba ita ba ce. In wannan na manna, gara shawul ɗin.

Sai na koma bakin get ɗin cocin Mama ran Lahadi. Masu hoto na nan da ledojinsu, amma ba dogon nan. Na kwatanta musu shi, dogo, mai riga mai aljihu da yawa, yana durƙusawa in zai ɗauka. Suka ce ai ya bar coci, ciniki ya mutu, kowa da wayarsa, yanzu wuraren biki yake bi ran Asabar, wajen Trikania. Na yi Asabar ɗin farko ban same shi ba. Ta gaba ma haka. Na dinga barin wa Maman 'Yan Biyu wuta da masara, ina goye da yarinya, ina bin duk inda na ji kiɗa da rumfa.

Na same shi a ƙofar wani zauren biki, a tsugune, yana jera hotunan mata masu gwaggwaro. Na gaishe shi, na fara bayani. Ban kai ƙarshe ba ya ɗago.

"Mai hula rawaya? Mai dariya?"

Na ce ita ce. Na juyo da goyon ya gan ta.

"Kai, madalla! An ɗinke. Sannu, 'yan mata." Ya kaɗa mata yatsa, ta ɓoye fuska a bayana.

Na tambaye shi ko yana da shi a cikin kyamara. Ya girgiza kai. Ya ce kati ɗaya gare shi, duk mako yake sharewa ya sake cikawa. Waɗanda aka wanke ba a saya ba kuwa, in sun taru ƙona su yake yi, don ba ya son fuskar mutane na yawo a bola.

"To kun ƙona ke nan."

"A'a, madam. Wannan an saye shi."

Ya ce bayan mun tafi, yana tattara kaya saboda hadari, wata mata ta tsaya. Ba ya jin 'yar cocin ce, ba ta yi shigar Lahadi ba, silifas ne a ƙafarta, kamar wucewa take yi. Tana goye da jariri, ta lulluɓe shi da tawul har kai, ko yatsa ba a gani. Ta daɗe tsaye a kan hoton. Ya ce mata, "Madam, naki ne?" Ta ce a'a. Ta ɗauke dutsen da kanta, ta biya ba ta yi ciniki ba, ta sa hoton a cikin rigarta, ta bi hanyar da ke gangarawa bayan cocin. Bai sake ganinta ba.

A keke, a hanyar gida, tsohon tsorona ya dawo gaba ɗaya. Me baƙuwa za ta yi da hoton 'yar wani? Na tuna duk labaran da ake yi na masu kai hoton yara wurin boka. Na dinga taɓa ƙafar yarinyar a bayana in ji ko da zafi. Sai da muka kusa Gonin Gora tawul ɗin nan ya faɗo min a rai. Ana zafin hadari, wa ke lulluɓe jariri har kai? Ni na san mai yin haka, don na yi. Ina jin abin da ke ƙarƙashin tawul ɗinta irin nawa ne, ta ga an ɗauki irinsa yana dariya a gaban jama'a, ta kasa wucewa. Ban tabbata ba. Wata ranar in yarda da wannan, wata ranar in koma wa bokan.

Na bar shafi ɗaya babu komai, daidai tsakanin shawul na ƙarshe da hoton farko na bayan aiki. Da Mama ta zo ta ga albam, ta yaba, ta yi dariyar rubutuna, har ta kai wurin.

"Nan fa? Gam ne ya ƙare?"

Na faɗa mata abin da nake jira. Na zaci za ta yi faɗa. Ta daɗe tana shafa farin kwalin da tafin hannu.

"Na gan shi ranar," ta ce. "Ya fi duk waɗanda na saya kyau." Ta rufe albam ɗin. "Mu a zamaninmu rufewa muka iya, 'yata."

Ban sake jin ta ce yarinyar ta faɗi ba, amma in an tambaya sai ta kalle ni, ta bar min amsar.

Yanzu yarinyar ta fara haɗa magana. Tana son albam ɗin, takan jawo shi daga ƙarƙashin gado ta ce, "Bebi, bebi." In ta kai farin shafin sai ta buga shi da hannu ta wuce. Kwanan baya na gan ta a gaban madubin babur ɗin wani kwastoma, ta sa yatsa a kan layin tana bin sa sama da ƙasa. Ba ta tambaya ba tukuna. Ina ganin ranar na zuwa, kamar yadda nake ganin hadari ta kan titin Abuja kafin ya iso kan gawayina. Zan faɗa mata gaskiya da bakina. Amma yaro abin da ya gani yake yarda da shi, kuma abin da za ta gani shawul ne.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, da rubutuna mai hawa da sauka. In ke ce matar da ta tsaya a bakin get ɗin coci a Unguwar Boro, ranar da hadari ya haɗo, ko kuwa mai karatu ya san wata da ke ajiye da hoton jaririyar da ba tata ba, mai hula rawaya, leɓe a tsage ta hagu, tana dariya, don Allah a kawo min. Ba zan tambaye ki dalili ba. Ba zan ƙwace miki ba, zan kai a wanko min irinsa in mayar miki da naki. Ina bakin titi a Gonin Gora, wajen da motoci ke rage gudu, ina gasa masara. Za ki ga 'yar yarinya kusa da ni mai farin layi a leɓe. In kina da naki yaron, ki zo da shi, kuma kar ki rufe masa fuska saboda ni.